Allura na iya tayar da zuciya, amma hannunka ne ke ceton ƙwaƙwalwa

Duk lokacin da aka ce wani ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa ko a filin ƙwallo, sharhin ɗaya ne: "Ai da an kai shi asibiti an yi masa allurar tayar da zuciya, da ya tashi." Jama'a, akwai gyara a maganar nan.

Allurar da ake nufi ita ce adirenalin. Idan zuciya ta tsaya, likitoci kan ba da miligiram 1 ta jijiya, su maimaita duk bayan minti 3 zuwa 5. Aikinta shi ne ta matse jijiyoyin jini, jinin ya koma wa tsokar zuciya da ƙarfi har ta samu ta sake bugawa. To amma matsewar ba ta zaɓe. Tana iya kama ƙananan jijiyoyin da ke shayar da ƙwaƙwalwa, kuma gwajin da aka yi a kan dabbobi ya nuna jinin da ke ratsa su yakan ragu.

Ita kuwa ƙwaƙwalwa ba ta da rumbun ajiya. Nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, amma ita ke shan kusan kashi 20 na iskar da jini ke ɗauka. Jini na yanke mata, cikin daƙiƙa 10 mutum ya suma, kuma daga minti 4 zuwa 6 ta fara lalacewa.

A 2018 Jami'ar Warwick ta Birtaniya ta fitar da sakamakon bincike kan mutum 8,014 da zuciyarsu ta tsaya a wajen asibiti. Rabi aka yi musu adirenalin, rabi ruwan gishiri kawai. Zuciyar kashi 36 na masu allurar ta dawo, su kuwa na ruwan gishiri kashi 12. Amma bayan kwana 30, mutum 130 ne ke raye a ɓangaren allura, 94 a ɗaya ɓangaren. Cikin masu allurar da suka rayu kuma, kusan ɗaya cikin uku sun fita da mummunar illa a ƙwaƙwalwa, a ɗaya ɓangaren kuwa ƙasa da ɗaya cikin biyar.

Kada wani ya ce na ce a daina allurar. Har yau tana cikin ƙa'idar aikin likitoci, kuma tana ceton rai. Matsalar lokaci ce. A can ma, inda motar asibiti ke zuwa in an kira, sai da aka ɗauki kimanin minti 21 kafin a yi ta. To ina ga mu da za mu tsaya neman Keke Napep?

Abin da ke tura jini zuwa ƙwaƙwalwa a wannan tsakanin shi ne danna ƙirji. In mutum ya faɗi, ba ya amsawa, ba ya numfashi yadda aka saba, a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri. Ka ɗora hannu bisa hannu a tsakiyar ƙirjinsa, ka danna da ƙarfi, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, kada ka tsaya har taimako ya iso. Ɗura masa ruwa da yi masa fifita ba sa kai jini ko'ina, ballantana ɗaukar bidiyo.

Masu kallon ƙwallo sun tuna Christian Eriksen na Denmark, wanda zuciyarsa ta tsaya a fili ranar 12 ga Yuni, 2021. Nan take aka danna ƙirjinsa, aka sa masa na'urar shokin lantarki, ga shi ya dawo har ya buga wa Manchester United. A ƙasar tasu, tun 2005 aka wajabta koyar da wannan a makarantu, daga 2006 kuma sai ka koya kafin a ba ka lasisin tuƙi.

Me zai hana mu? Koyon bai kai yini guda ba. Gwamnatocin jihohi su sa shi a sakandare, ƙungiyoyin direbobi su kai shi tasha, 'yan agaji su koya wa matasan unguwa. Wanda zai faɗi gobe yana iya zama mahaifinka, kai kaɗai ne kuma a ɗakin.

Allah ya kare mu baki ɗaya.