Karkacewar Baki: Kwana Uku Kaɗai Ake Da Su

A ce wata 'yar'uwa a wani ƙauye na Kusada ta tashi da asuba za ta kurkure baki, sai ta ga ruwan yana zuba ta gefe ɗaya, ido ɗaya ya ƙi rufuwa, baki ya janye ya nufi kunne. Kafin hantsi an riga an yanke hukunci a tsakar gida: wani ya ce aljani ne ya mare ta, wata ta ce iskar dare ce, wani ya ce sammu. A kawo hayaƙi, a kawo man shafawa, a aika a kira fasto ko malam. Asibiti kuwa sai bayan mako biyu, in an je ke nan. Mu da ke cikin ikilisiyoyi mun san irin wannan, gama mun sha ganin gurbin da aka bari a ƙungiyar mawaƙa ko a zumuntar mata, mai shi tana gida ta rufe fuska da mayafi don kunya.

Abin da ke faruwa a jiki sananne ne. Akwai wata jijiya, ta bakwai cikin jijiyoyi goma sha biyu da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, wadda ke motsa naman fuska. Tana bi ta wani matsattsen rami cikin ƙashin kunne, saboda haka in ta kumbura sai ƙashi ya matse ta, ɓarin fuskar ya saki. Wani likita ɗan Sikotilan, Charles Bell, shi ya bayyana aikin jijiyar a 1821, kuma da sunansa ake kiran nau'in ciwon da ba a gano dalilinsa ba. Wajen bakwai cikin goma suna warkewa sarai ko ba magani, abin da ya sa kowane mai magani yake da labarin nasarar da zai bayar. Sauran ukun ne damuwarmu. Su ne ke zama da murmushin rabi, ko idon da ke ƙiftawa in sun buɗe baki, ko hawaye in suna cin abinci.

A 2007 aka buga sakamakon wani bincike da aka yi a Sikotilan a kan mutum 551. Waɗanda aka ba maganin firednisolon cikin awa 72 da farawar ciwon, kashi 83 cikin 100 sun warke a wata uku. Waɗanda ba a ba su ba, wajen kashi 64. A wata tara, 94 da 82. Hukumar lafiya ta Birtaniya ce ta biya kuɗin binciken, kuma dole ta biya, domin ƙwaya ce tsohuwa mai araha wadda babu kamfanin da zai ci ribar gwada ta. Abin takaici, dangin wannan magani suna nan a kemis-kemis namu, 'yanmata na sha don ƙiba da sunan "sha ka fashe", alhali mai bukatarsa na gaskiya yana gida ana yi masa hayaƙi har kwana ukun su wuce. (Kada mai karatu ya ruga ya saya wa kansa. Yana tayar da sukari da hawan jini, sai ma'aikacin lafiya ya duba tukuna.)

To, mutum nawa muke magana a kai? A ƙasashen da aka ƙidaya, mutum 20 zuwa 30 cikin kowane dubu ɗari ke kamuwa a shekara. Ƙidayar 2006 ta ba Kankia da Kusada a haɗe kimanin mutum dubu 250. Watau mutum 50 zuwa 75 a shekara ke nan, a lissafin wancan lokaci, kuma jama'a sun ƙaru ƙwarai tun daga nan. Amma fa da mudun aro muka yi awon, kuma a nan matsalar take.

Wani bincike da aka buga a 2012 ya duba takardun Asibitin Murtala Muhammad na Kano daga 2000 zuwa 2005, ya sami mutum 594 masu shanyewar fuska. Rukuni mafi yawa matasa ne 'yan shekara 20 zuwa 34, kuma wajen huɗu cikin goma ne kawai suka kasance irin wanda ba a gano dalilinsa ba. Sauran suna da dalili. A ƙasarmu fuska tana karkacewa saboda kunnen da ya daɗe yana zubar da mugunya, saboda haɗarin babur da ya fasa ƙashin kunne, saboda hawan jinin da ya kai ga shanyewar ɓarin jiki, saboda kuturta kuma. Kowanne da maganinsa. Wanda bugun jini ya kama yakan iya ɗaga gira ya tattare goshi, amma hannu ko ƙafa ko harshe ya yi nauyi, kuma shi ba kwana uku gare shi ba, awoyi ne. Mai ciwon Bell ba ya iya tattare goshin ɓarin da ya saki. Bambancin da za a gane cikin minti ɗaya ne, in an koya wa mutum.

Zancen kuturta ya shafe mu kai tsaye. A ƙarshen shekarun 1930 mishan ɗin SIM ya karɓi aikin kula da kutare a Babbar Ruga kusa da Katsina, da Yadakunya a Kano, da Amanawa a Sakkwato, kana a 1943 ya buɗe asibitin ido na Kano wanda yau ke hannun ECWA. Dattawanmu da suka yi aiki a waɗannan wurare sun san yadda kuturta ke cin jijiyar fuska, ido ya ƙi rufuwa, ƙurar hunturu ta shiga, ƙwayar ido ta bushe ta yi gyambo, mutum ya makance. Haka yake ga kowane idon da ba ya rufuwa, ko mene ne dalili. Ɗigon ruwan ido da rana, man ido da filasta da dare, su kan tsare abin da tiyata ba ta iya dawowa da shi.

Kuɗin fa? A Abuja a 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya. Na Tarayya ya fi yawo tsakanin kashi 4 da 6. A Bamako a 2008 ministoci suka yi kira a ware kashi 2 na kasafin lafiya ga bincike. Ɗan abin da ke shigowa daga waje yana bin zazzaɓin cizon sauro, tarin fuka da shan inna, kuma ba mu ga laifin haka ba, tunda suna kisa ko nakasa dubbai. Ciwon da ba ya kisa, sai dai ya hana budurwa aure, ya hana malamin makaranta tsayawa gaban aji, ba shi da mai yi masa magana. Ko a Birtaniya sai a 2012 aka kafa ƙungiyar Facial Palsy UK domin wannan kuka.

A ganinmu binciken da ake bukata a nan ba na manyan na'urori ba ne. Jihar nan ta taɓa ganin irinsa: a shekarun 1970 Jami'ar Ahmadu Bello da makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool sun yi aikin bincike a yankin Malumfashi, ƙauye-ƙauye, suna ƙidaya cututtuka. Kankia tana da babban asibiti, tana kuma da makarantar koyon aikin lafiya wadda ɗalibanta ke bazuwa cikin ƙananan asibitocin karkara. Littafin rajista guda a kowane ɗakin shan magani na ƙananan hukumomin biyu, na shekara biyu ko uku, zai faɗa mana wa ke kamuwa, a rana ta nawa ya iso, ina ya fara zuwa, mene ne dalili, kuma yaya fuskarsa bayan wata shida. Likitocin Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina za su iya jagoranta, asusun bincike na TETFund da Ma'aikatar Lafiya ta jiha su ɗauki nauyi. Ɗan majalisar da ke wakiltar Kankia, Ingawa da Kusada a Abuja yana da bakin da zai tambaya.

Ɗakunan shan magani na ikilisiya ba sai sun jira Abuja ba, za su iya buɗe nasu littafin tun bana. Fastoci da shugabannin zumunta kuwa, tunda su ake fara kira, a yi addu'ar a cikin mota a kan hanyar Kankia, a ranar farko.