Shekarar Karatu Ta Ƙare: A Kawo Mana Lissafin Dukan Yaran

Zangon karatu na uku ya zo ƙarshe. A 'yan makonnin nan kusan duk unguwar da mutum ya bi zai tarar an kafa rumfuna a harabar wata sakandare, an jera kujeru, an ɗaura lasifika, ana bikin yaye 'yan aji shida da rabon kyaututtuka. Shugaban makaranta zai miƙe da takardarsa ya karanto nasarorin shekara: wanda ya zo na ɗaya a lissafi, wadda ta ciyo kofi a gasar kacici-kacici, yawan waɗanda suka sami kiredit biyar a jarrabawar bara. Iyaye mata su rangaɗa guɗa, a ɗauki hotuna, a ci shinkafa a watse.

Muna taya yaran nan murna da zuciya ɗaya. Duk wanda ya san yadda ake karatu a ƙasar nan yau, a aji mai ɗalibi ɗari ko fiye, wasu a zaune a kan siminti, wani ma ya fito daga gida bai karya ba, ya san cewa yaron da ya yi zarra ya cancanci a kira sunansa a bainar jama'a. Haka malamin da ya kai shi. Sai dai wannan jarida tana ganin jawabin da ake karantawa a irin wannan rana rabin lissafi ne, kuma rabin da ake bari a baya shi ya fi nuna ko makaranta ta yi aikinta.

Shekara uku da suka wuce, yara nawa aka rubuta a rajistar aji huɗu? Nawa ne daga cikinsu suke zaune yau a ƙarƙashin rumfar nan? Sauran ina suka shiga? Kowane malamin aji ya san amsar, ko da ba a taɓa tambayarsa ba. Ya san yarinyar da ta daina zuwa bayan hutun Sallah saboda an sa ranar aurenta. Ya san yaron da mahaifinsa ya rasu ya koma tsaron shago a kasuwa, da wanda ya bi abokai wurin haƙar ma'adinai, da wanda ya kai aji shida lafiya amma kuɗin rajistar jarrabawa ya gagari gidansu. Ya kuma san wani rukunin da ya fi waɗannan yawa: yaran da ba su fasa zuwa ba ko sau ɗaya, suna zaune a kujerun baya tun aji ɗaya, ana ciyar da su gaba kowace shekara, har ga shi za su fita ba su iya karanta shafi guda na Turanci ko na Hausa su faɗi abin da ya ƙunsa ba. Babu wanda ke kiran sunan waɗannan a lasifika, amma su ma amana ce da iyaye suka damƙa wa makarantar.

Dalilin da ya sa ake mantawa da su a fili yake. Mun mayar da kiredit biyar, har da Turanci da lissafi, ma'auni guda tilo na makaranta. Da shi makarantun kuɗi suke talla a allunan bakin titi, da shi ma'aikatar ilimi take yabon shugaban makaranta ko ta tuhume shi, da shi uba yake yanke shawarar inda zai kai ɗansa. To amma wannan ma'auni kansa yana buƙatar a auna shi. A watan Mayun 2025, bayan da aka sami labarin fitar tambayoyin Turanci na WAEC, an jinkirta jarrabawar a wurare da dama har yara suka rubuta ta cikin dare da hasken tocila. Da sakamakon ya fito a watan Agusta, hukumar ta fara sanar da cewa kimanin kashi 38 cikin ɗari ne suka sami kiredit biyar da Turanci da lissafi. Bayan 'yan kwanaki ta ce an yi kuskure wajen maki, adadin ya koma kusan kashi 63. A shekarar 2025 ɗin kuma an riƙe sakamakon kusan ɗalibi ɗaya cikin kowane goma bisa zargin satar amsa. Adadin da zai iya motsawa haka cikin mako guda, wanda kuma maguɗi ya yi masa katutu haka, bai isa a ce shi kaɗai zai gaya mana abin da ya faru a cikin aji tsawon shekara ba.

Maganar satar amsa ba a son taɓa ta a ranar biki, amma a nan ne tarbiyyar makaranta take bayyana ƙarara. A da yaro ne yake ɓoye 'yar takarda a cikin safa, yana tsoron kada malami ya kama shi. Yanzu a wurare da yawa manya ne suke shirya abin. Ana karɓar kuɗi daga iyaye da sunan "taimakon yara", a sallami mai sa ido, a tsayar da wani a bakin ƙofa, malami ya shiga ya rubuta amsa a allo. Akwai cibiyoyin da aka san su da wannan sana'a, har yaro ya bar makarantar da ya yi shekara biyar a cikinta ya tafi can ƙauye ya yi rajista. Tun 1999 akwai dokar tarayya da ta tanadi tara da ɗauri a kan maguɗin jarrabawa, amma ba a cika jin ta yi aiki a kan manya ba. Abin da ya fi damunmu shi ne darasin da yaron ya ɗauka. Shekara shida ana yi masa wa'azin gaskiya da riƙon amana a taron safe, sai a mako na ƙarshe ya ga malamin da ke wa'azin yana miƙo masa amsa. Wannan darasin ba zai manta da shi ba, da shi zai shiga jami'a, da shi zai zauna a kujerar ofis. Kuma yarinyar da ta kwana tana karatu ta ƙi karɓar takardar da aka miƙo mata, ta fita da kiredit huɗu na guminta, an zalunce ta a gaban idonmu.

Arewa ba baƙuwa ba ce ga makarantun da suka gina mutane. Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, wadda ta koma Kaduna a 1938, ta sake komawa Zariya a 1949, ta kuma karɓi sunan Barewa a 1971, ita ta fitar da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello da Abubakar Imam da Aminu Kano da Shehu Shagari da Yakubu Gowon da Murtala Muhammad. A 1977 jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa domin ta samar wa kanta likitoci da injiniyoyi, kuma duk wanda ya leƙa asibitocin Kano da Jigawa da jami'o'insu a yau zai tarar da 'ya'yan makarantun nan. Gaskiya ne cewa zaɓaɓɓun yara ake ɗauka, kuma ba su da yawa. Ba adalci ba ne a kwatanta su kai tsaye da sakandaren jeka-ka-dawo mai ɗalibai dubbai. Amma a zauna da tsofaffin ɗalibansu a ji abin da suke tunawa. Ba kasafai suke fara maganar makin da suka ci ba. Suna tuna ƙararrawar asuba, da karatun dare da ba a fashi, da malamin da yake zagayawa da fitila ya ga wa ke gyangyaɗi, da littafin aikin gida da yake dawowa da jan biro a kowane shafi, da ranar da aka fara ba su damar taɓa kayan ɗakin gwaje-gwaje da hannunsu. Har gabza suna tunawa da ita cikin dariya. Abin da suke bayyanawa tsari ne na yau da gobe, wanda yaro ya san cewa idan bai zo ba za a lura, idan bai gane ba za a tsaya masa. Mafi yawan wannan ba kuɗi yake ci ba, kulawa yake ci.

Ba duk abin da aka gada daga makarantun kwana ne abin riƙewa ba. Tsarin ba manyan ɗalibai iko a kan ƙanana an yi shi ne don su koyi shugabanci, amma a makarantu da yawa ya zama lasisin cin zali. Ɗan aji ɗaya ya yi wa siniya wanki da guga da ɗiban ruwa, a ƙwace masa garin kwaki da sukarin da uwarsa ta ƙulla masa, a sa shi gwale-gwale cikin dare, idan ya kai ƙara a ninka masa. An sha jin yaran da aka illata, har da waɗanda suka rasa rayukansu. Shugaban makarantar da zai ce wai haka aka saba, kowa ma da haka ya taso, ya sani cewa yaron da yake kwana cikin tsoro ba ya fahimtar karatu, kuma idan ya kai aji shida abin da aka yi masa zai rama a kan na baya. A lissafin ƙarshen shekara ya kamata a ji ƙara nawa aka kawo a kan wannan, da abin da aka yi a kai.

Akwai kuma nasarorin da ba a ba su kyauta, alhali sun fi wasu kofuna nauyi. Tun bayan sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020, da 'yan mata 279 a Jangebe a Fabrairun 2021, makarantun kwana da dama a Katsina da Zamfara da maƙwabtansu an rufe su na wani lokaci, ko an haɗe su da wasu, ko an mayar da su jeka-ka-dawo. Makarantar da ke irin wannan yanki ta buɗe a ranar farko ta kuma kai ranar ƙarshe, malamanta ba su nemi canjin wurin aiki sun gudu ba, iyaye suka daure suka ci gaba da turo 'ya'yansu mata, ta yi abin da ya isa gwamna da kansa ya je ya yi godiya. Haka malamar da take bin ɗalibarta har gida ta roƙi uba ya bari ta ƙarasa. Haka malamin da ya riƙe ƙungiyar muhawara ko ta wasan kwaikwayo ko gonar makaranta ba tare da an ƙara masa ko sisi ba. A irin waɗannan wurare ne yaron da lissafi ya gagara yake gano cewa shi ma yana da abin da ya iya.

Game da bikin kansa, muna roƙon a sassauta. Kuɗin riga da hula da anko da abinci da ake ɗora wa iyaye a wasu makarantu ya kai abin da zai sayi littattafan zango guda, kuma akwai yaran da suke ƙin zuwa ranar yaye su don gidansu ba a iya biya ba. Sabuwar al'adar rubuce-rubuce a jikin riga da tseren babura a titi bayan takardar ƙarshe ta kai wasu gwamnatocin jihohi ga haramta ta. Haramcin yana da dalili, amma yaran da suka gama shekara shida suna da haƙƙin yin murna. Makaranta ce ya kamata ta shirya musu ita cikin mutunci da araha.

Abin da muke nema ba shi da wuya. Ma'aikatun ilimi na jihohi su wajabta wa kowace sakandare, ta gwamnati da ta kuɗi, ta fitar da takarda guda a ƙarshen shekara, a karanta ta a gaban iyaye cikin harshen da suke ji, a kuma liƙa ta a ƙofar ofishin shugaban makaranta. A faɗi yawan waɗanda suka shiga da waɗanda suka kammala, maza daban mata daban, da dalilin ficewar sauran. A faɗi darussan da suka yi zango guda ko fiye babu malami, da sau nawa 'yan kimiyya suka shiga ɗakin gwaji kafin ranar jarrabawa, da yara nawa ne a aji huɗu har yanzu karatu yake yi musu wuya da shirin da aka yi musu. Duk waɗannan suna cikin rajista da littattafan da makarantu suke ajiyewa tun asali; fito da su kawai za a yi. Shugaban da ya faɗi gaskiya kada a hukunta shi da canjin wurin aiki, a taimaka masa da malamai da kayan aiki, domin idan faɗin gaskiya ya zama laifi, takardar za ta cika da ƙarya tun shekarar farko.

Ƙungiyoyin iyaye da malamai da na tsofaffin ɗalibai ba sai sun jira umarni daga ma'aikata ba. Akwai makonni kafin a koma a watan Satumba. Su nemi zama da shugaban makaranta da malaman aji, a buɗe rajista, a fitar da sunayen yaran da suka daina zuwa a bana, a raba unguwanni, a bi su gida-gida tun kafin a buɗe sabon zango.