Teku Ma Yana Da Gundumomi

Jama'a, mu malamai tekuna biyar muke koya wa yara a aji, alhali masunta sun san ruwan ba iri ɗaya ba ne. A 1998 wani masani, Alan Longhurst, ya kasa tekunan duniya gunduma fiye da 50, bisa tafiyar ruwa da yawan ƙananan tsirrai da tauraron ɗan'adam ke hangowa.

Tamu ita ce ta gaɓar Gini. Daga Yuli zuwa Satumba ruwa mai sanyi yakan taso daga ƙasa ɗauke da abinci, sai kifin amani ya cika kasuwannin Akara. To, kifin nan bai san iyakar Gana da Kwaddibuwa ba, kuma ya ragu ƙwarai. Amma sai a 2023 Kwaddibuwa ta bi Gana wajen tsayar da kamu a watan Yuli.