Raddi Ga Masu Cewa Sunan Jami'a Ba Ya Ƙara Komai

Wata magana ta yaɗu a bakin matasa masu neman karatu a waje, wai shiga Harvard ko Yale ko Princeton sayen suna ne kawai, mai ƙwazo ko'ina ya je zai yi fice. Suna da hujjoji, kuma sun cancanci a amsa su.

Sukan fara da Bill Gates da Mark Zuckerberg, wai sun bar Harvard ba digiri, ga su nan sun yi kuɗi. To ai sai da suka shiga kafin su fita. A ɗakin kwanansa na Harvard Zuckerberg ya buɗe Facebook a Fabrairun 2004, ɗaliban makarantar ne suka fara hawa, kuɗin farko kuma daga aljihun abokin karatunsa Eduardo Saverin ya fito. Gates kuwa ɗan babban lauya ne a Seattle. Da ya faɗi, kan katifa zai faɗa.

Hujjarsu mai ƙarfi ita ce binciken Stacy Dale da Alan Krueger na 2002. Sun kwatanta ɗaliban da manyan jami'o'i suka ba gurbi, wasu suka je, wasu suka zaɓi ƙananan makarantu, sai aka ga albashinsu daga baya bai bambanta sosai ba. Gaskiya ne. Amma masu kawo hujjar nan sukan tsaya a rabin labari. Binciken ya nuna 'ya'yan talakawa sun amfana ƙwarai, kuma da suka sake nazari bayan wasu shekaru, sai amfanin ya bayyana ga baƙaƙen fata, da 'yan asalin Latin Amurka, da waɗanda iyayensu ba su yi nisa a karatu ba. Dalilin a fili yake. Ɗan mai hali ya taso da waɗanda za su ɗaga masa waya; ɗan talaka a makaranta yake fara samun su.

Sannan matsakaicin albashi ba shi kaɗai ne abin awo ba. A 2023 Raj Chetty da David Deming da John Friedman sun gano cewa shiga irin waɗannan jami'o'i yana ƙara damar kai wa kashi 1 cikin 100 na masu samu mafi yawa da kusan rabi. Dubi Kotun Ƙolin Amurka: takwas daga alƙalanta tara a Harvard ko Yale suka karanta lauya.

Sai batun tsada. Tun 2001 Princeton ta maye gurbin rancen da take bai wa ɗalibai da tallafin da ba a biya. A 2025 Harvard ta sanar cewa iyalin da samunsa bai wuce dala 100,000 a shekara ba, ba zai biya kuɗin karatu ko ɗaki ko abinci ba, kuma ɗaliban ƙasashen waje ma tana ba su tallafi gwargwadon buƙata.

Masu cewa darussan jami'ar MIT suna nan kyauta a intanet kuwa, bidiyo ba ya rubuta wa ɗalibi takardar shaida idan ya tashi neman aiki.

Wuri ɗaya na ba su gaskiya. Duk wannan a kan digirin farko mai tallafi ne. Wanda zai sa a sayar da gonar gado don ya biya digiri na biyu na shekara ɗaya, ba sisin tallafi, ya zauna ya yi lissafi da alƙalami kafin a sa hannu a takardar cinikin.