Rajistar Masu Ƙaramin Ƙarfi: Wa Ke Da Izinin Leƙawa?

Rajistar masu ƙaramin ƙarfi ta ƙasa, wadda ofishin NASSCO ke kula da ita, ta ƙunshi abin da magidanci ba ya faɗa wa maƙwabcinsa: yawan bakunan da yake ciyarwa, irin rufin ɗakinsa, sana'arsa, da ko akwai mai naƙasa a gidan. A unguwa irin Mahuta, cikin ƙaramar hukumar Chikun, kusa da matatar man Kaduna, mai neman tallafi amsa tambayoyin nan ya zame masa dole.

A Oktoban 2023 gwamnatin Tinubu ta sanar da tallafin Naira 25,000 duk wata, na tsawon wata uku, ga gidaje miliyan 15, aka kuma gindaya sharaɗin lambar NIN ko BVN domin toshe sunayen bogi. Hujja ce mai ƙarfi. Sai dai lambar NIN ɗin nan ce aka ɗaure da layukan waya tun Disambar 2020, ita ake nema a banki, a ofishin fansho, da wajen yin fasfo. Jami'in da ya riƙe ta ya riƙe bakin zaren rayuwar mutum.

A takarda akwai kariya. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tabbatar wa ɗan ƙasa sirrinsa. Dokar kare bayanai ta Yunin 2023 ta kafa hukumar NDPC, ta hana amfani da bayani a abin da ba don shi aka karɓa ba, ta kuma wajabta sanar da hukumar cikin awa 72 idan bayanai suka tsiyaye. Amma sashe na 3 na dokar ya sassauta wa hukumomi idan suka ce bincike suke yi na laifi ko tsaron ƙasa. Mutumin Chikun, inda aka kwashe ɗaliban Kuriga a Maris 2024, ba zai yi gardamar a bi sawun wayar masu garkuwa ba. Abin tambaya shi ne wa ke tantance cewa lallai tsaro ne, ba siyasa ko bin bashi ko huce haushi ba.

Riƙon bayanan ma ya nuna rauni. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa wani shafin intanet na sayar da bayanan NIN a kan Naira 100 kacal. Hukumar NIMC, mai kula da lambar NIN, ta musanta cewa an kutsa rumbunta. Musun bai mayar da abin da ya riga ya fita ba.

Wannan jarida na ganin bai kamata a buɗe fayil ɗin mai karɓar tallafi don wani bincike ba sai da umarnin kotu. Duk buɗewa a rubuta sunan jami'in da ranar da dalilinsa, mai fayil kuma ya iya neman ganin wannan rubutu. Kada rajistar ta shiga hannun 'yan siyasa a lokacin zaɓe. Masu ɗaukar sunaye a Mahuta su riƙa bayyana wa mutane, da Hausa da Gbagyi, hukumomin da za su ga amsoshinsu da inda za su kai ƙara, kafin a fara cike fom.