Madaki Uku A Zamanin Babangida

In aka ce Kanar Madaki a majalisar dattawa a Kafanchan, ya kamata mai sauraro ya tambaya tukuna, wanne daga ciki? Gama a zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida hafsoshin soja uku ne masu wannan suna suka riƙe muƙamin Gwamnan Soja, biyu daga cikinsu kuwa 'yan kudancin Jihar Kaduna ne. Yau da shekaru suka ja, samari da dama sun cure su wuri ɗaya, suna jingina wa wannan aikin wancan.

Na farko shi ne Yohanna Madaki, mutumin Bajju daga yankin Zangon Kataf. Shi aka tura Jihar Gongola a 1985, watau jihar da aka raba a 1991 ta zama Adamawa da Taraba. Bai yi fiye da shekara guda a can ba, amma ya bar abin da har yanzu ake zancensa. A 1986 ya tuɓe Sarkin Muri, Alhaji Umaru Abba Tukur, daga gadon sarauta a Jalingo. A ƙasar nan taɓa rawani ba ƙaramin abu ba ne, balle ga soja ɗan ƙaramar ƙabila wanda kakanninsa suka daɗe ƙarƙashin hakiman Zazzau. Waɗansu suka ce jaruntaka ce, waɗansu suka ce wuce gona da iri ne, kuma har yau ba a daidaita ba. Aka mayar da shi Jihar Binuwai, bai daɗe ba ya bar aikin soja. Daga nan ya koma aikin lauya, har ya tsaya wa Janar Zamani Lekwot a shari'ar da ta biyo bayan rikicin Zangon Kataf na 1992. Ya rasu a 2006.

Na biyu, Joshua Madaki, mutumin Manchok ne, ƙasar Marwa, tafiya kaɗan daga Kafanchan. Ya riƙe Jihar Bauchi daga 1987 zuwa 1990, sa'an nan Jihar Filato, har ya miƙa mulki ga Fidelis Tapgun a farkon 1992. Ya kai muƙamin Manjo Janar, ya rasu cikin haɗarin mota a 2003. Ba shi da hannu a maganar Muri ko kaɗan, domin lokacin da ya hau kujerar gwamna an riga an yi ta an gama.

Inda rikitarwar ta fi tsanani shi ne wajen na uku, John Yahaya Madaki, Gwamnan Jihar Katsina daga 1989 zuwa 1992. Mai karatu ya lura, Yohanna da John suna ɗaya ne, Littafi Mai Tsarki na Hausa ne ya kira shi Yohanna, Turawa suka ce John. Amma shi wannan mutumin Jihar Neja ne, ba ɗan kudancin Kaduna ba. Shi ne ya yi takaddama da Malam Yakubu Yahaya a Katsina a 1991, ba lauyan nan na Bajju ba, wanda a lokacin ya yi shekaru da tuɓe kaki. Har ila yau, shi da Joshua sun yi gwamna a lokaci guda fiye da shekara biyu, saboda haka mai sauraron rediyo kan ji Gwamna Madaki sau biyu cikin labaran yamma ɗaya.

Su ukun ba 'yan gida ɗaya ba ne. Madaki, ko Madawaki, sarauta ce ta shugaban mayaƙan dawaki a ƙasar Hausa. Da tsarin sarautu ya bazu zuwa kudu, dagatai da masu unguwanni suka riƙa naɗa nasu Madaki da Galadima da Ciroma, 'ya'yansu kuwa da suka shiga makarantun mishan aka rubuta sarautar uban a rajista, ta zama sunan gida.