Kafin Jirgi Ya Sauka, A Gyara Masa Fili

Ya ku iyayenmu da 'yan'uwana ɗalibai, sau da yawa nakan ji ana cewa da ma a share wani fili tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi domin ƙananan jiragen sama, masu feshin tsuntsun jan baki ko masu ɗaukar marasa lafiya zuwa Katsina. Ni ma ina son haka. Amma ra'ayina shi ne kada a share filin sai an tanadi mai kula da shi.

Gaskiya ne ƙaramin jirgi ba ya bukatar kwalta. Jiragen farko da suka zo ƙasar nan, guda 3 na sojan Ingila, a filin wasan dawaki na Kano suka sauka a shekarar 1925. To, amma ƙasa tana da halinta. Da damina, wurin da ya bushe a ido yana iya zama laka a ƙarƙashi. In tayar gaba ta nutse alhali jirgin yana gudu, sai hancinsa ya soki ƙasa, farfela ta karye, wani lokaci ya wuntsila gaba ɗaya. Da rani kuwa ga rairayi, ga suri, ga ramukan gafiya, ga hazon hunturu da ke hana matuƙi hangen fili. Zafin bazara ma yakan sa iska ta yi sauƙi, jirgi ya bukaci fili mai tsawo fiye da yadda ya saba.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne mu kanmu. Duk filin da babu shinge, shanu da awaki za su mai da shi makiyaya, yara kuma da jin ƙarar jirgi sai su sheƙa a guje su tare shi. Ko matuƙin da ya fi kowa ƙwarewa daga Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ba shi da dabarar kauce wa saniyar da ta faɗo gabansa.

Saboda haka ina roƙon hukuma, in har za a yi filin, a daɓe shi da marmara, a yi masa magudanar ruwa da shinge, a kafa tutar nuna iska, a kuma sa mai gadin da zai taka shi da ƙafa kafin kowace sauka. Masu unguwanni su gargaɗi makiyaya, iyaye su tsare yara. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya kiyaye mu, amin.